Tsohuwar Da Aka Ce Ta Saci Rafi

Halimatusa'adiya ne sunanta na yanka, amma duk ƙasar Makarfi in ba ka ce Sa'ade Maginiya ba, babu mai nuna maka gidanta. A tsawon rayuwarta sau ɗaya aka taɓa ƙure ta a cacar baki. Bilki mai fura ce ta yi wannan aiki, ita ma ba da baki ta yi ba, da mazaunai ta yi.

Ranar kasuwar Nasarawan Doya ce. Sa'ade ta jera randuna tana ta cika baki, wai randarta ko jaki ya hau ba za ta ce uffan ba. Bilki ta zo ta ƙwanƙwasa ɗaya da zobe, ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai da tsaga a jikinta."

"Tsagar a kunnenki take," in ji Sa'ade. "Ga ta na kife. Duk macen da ta isa a kasuwar nan ta zo ta zauna a kai. In ta fashe na ba ta biyu kyauta, in kuma yi mata guɗa."

Da Sa'ade ta dubi wadda take yi wa magana tun daga ƙasa har sama, da ba ta faɗi haka ba. Bilki irin matan nan ce da ɗan acaɓa ke hangowa daga nesa ya tuna bai yi azahar ba. Ta tattare zane, ta yi bismilla, ta zauna. Randar ta ɗan yi shiru kamar mai shawara da zuci, sannan ta ce ɓas, ta rabe gida biyu. Bilki ta tafi ƙasa, ƙafafu sama, tana ihu, "Guɗata! Randunana biyu da guɗata!" Haka Sa'ade ta kama hanci ta rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwa, idonta jawur, mahauta na buga wuƙa a kan tebur don dariya.

Ta tsince gutsattsarin ta ƙulle a gefen zane don kada magauta su yi ta nunawa. A gida ta baje su a tabarma, nan ta ga abin da ya tsaya mata a rai. Randar ta rabe ne a miƙe kamar an sa wuƙa, kuma duk tsawon tsagar akwai siririn layi na farar tsakuwa da ta shiga yumɓun tun wurin kwaɓi. Washegari ta ɗauki ƙwarya ta nufi ramin da take haƙar yumɓu, ta ce sai ta ga uwar tsakuwar da ta kunyata ta.

Garinsu Kwarin Ɗinya. Arewa da gari akwai wani dogon tudu mai kama da doron raƙumi, ya jingina da wani baƙin dutse mai sanƙo. Daga gindin dutsen nan rafin garin yake fitowa, ya bi gefen tudun, ya karkata kudu ya shiga fadama, inda ake rake da tumatir da albasa. A bayan tudun kuma Hayin Kanya ne, garin da ba shi da rafi sai rijiyoyi. Tsofaffi kan ce tudun nan mai raba ruwa ne. In ka fuskanci gabas ka yi alwala a kansa, ruwan hannun damanka kogin Galma zai nufa ya gai da Zazzagawa, na hagu ya gangara ƙasar Kano ya koyo ciniki.

A kan tudun ramin yumɓun Sa'ade yake, taki kaɗan daga bakin rafi. Kakarta ta haƙa, uwarta ta haƙa, ita ma tun ba ta fi ƙwarya tsawo ba take ciki. Da yumɓun ramin nan ta yi kayan ɗakinta, da shi ta riƙe gida bayan mijinta ya rasu, da shi ta aurar da 'yarta zuwa Hayin Kanya, ta yi wa ɗanta Bashir aure. Amma kakar da uwar duk sun tsaya ne inda yumɓu ya ƙare. Ita takaicin Bilki ya sa ta wuce. Ta ratsa yumɓu, ta shiga wani ruɓaɓɓen dutse mai marmashewa a hannu kamar tsohon ƙuli-ƙuli, rani biyu tana yi tsakanin gini da gini, har ta taka asalin dutse.

Ashe dutsen a tsage yake. Tsagar ta isa hannu ya shige, cike take da farar tsakuwar nan, ta taso daga ƙarƙashin rafi ta miƙe ɗoɗar zuwa arewa kamar igiyar shanya. Dutsen kansa kuma a sunkuye yake, hawa-hawa kamar matakala, yana sauka wajen Hayin Kanya. Sa'ade ta ɗebo tulu guda na ruwa ta tuttule a kai. Rafi a sama yana tafiyarsa kudu, ruwan tulunta a ƙasa ya juya masa baya ya bi tsaga ya yi arewa. Ta zauna a bakin rami ta ɓare goro, ta ce, "Ashe shi ya sa rijiyoyin mutanen can ba sa ƙafewa. Namu suke sha ta ƙarƙashi, ba ko na gode."

Shekaru suka tafi. Wata rana wani injiniya mai suna Salman, cikin masu auna wurin haƙa bohol, ya zo ya shimfiɗa wayoyi a gefen tudun yana kafa ƙarafa. Sa'ade ta leƙo daga rami, kanta duk laka, ta ce, "Ɗan nan, kana wahalar da wayarka. Zagaya baya, ruwan can ya yi."

Ya yi dariya, amma da ta ce ya sauko ya gani, ya cire takalmi ya sauka. Ya daɗe a tsugune yana shafa tsagar. Can ya ce, "Iya, tun kafin a yi mutum a bayan ƙasa, ƙasar nan ta taɓa motsawa. Duwatsu suka matse juna, wani ya ɗago, wani ya nutse, suka tsattsage. Rafukan da kike gani suna tafiya a miƙe sannan su yi kwana kamar an daka musu tsawa, irin tsagogin nan suke bi. Naku kuwa 'yar katangar marmarar nan ce kawai ta tare shi, ita ta sa yake bin kudu. Ranar da ta karye, inda dutse ya sunkuya nan zai bi."

"Shekara nawa ka yi a jami'ar nan ta Samaru kafin ka san haka?"

"Biyar, Iya."

"Kayya, an cuci ubanka. Ni tulu guda na kashe."

Katangar kuwa ana cinta. Daga ɓangaren Hayin Kanya wani kwazazzabo ya ɓalle, kowace damina yana hawowa tudu da baya da baya, yana bin layin tsagar ba ya kauce ko taki. Sa'ade da itatuwa take auna shi. Bana ya ci aduwa, baɗi ya ci ɗorawar da ke gabanta. Da ya rage saura wata tsamiya tsakaninsa da rafi, ta yafa mayafi ta je ƙofar dagaci ta faɗa musu rafi na gab da juyawa arewa.

A zaman akwai Mamuda, wanda ya fi kowa gonar rake a fadama, mai dafa mazarƙwaila, mai ƙirji kamar ƙofar gari da murya kamar injin niƙa. Shi ya tare ta. "Iya, ki ji da tukwanenki, ki bar wa maza zancen rafi. Rafin da ya ga kakanninmu ne zai gudu?"

"Kakannin naka ma ai sun tafi, ɗan nan, kuma ba su yi shawara da kai ba."

Aka yi dariya, aka ce tsohuwar nan ba ta da dama, aka koma zancen taki. Babu wanda ya hau tudun ya duba.

Ranar da abin ya faru wata Laraba ce a tsakiyar damina, bayan la'asar. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Dutsen mai sanƙo ba ya riƙe ko ɗigo, duk abin da ya zubo masa rafi yake miƙa wa. Rafin ya cika ya yi jawur, yana jan duwatsu suna karo da juna kamar ana daka a ƙarƙashin ruwa. Sa'ade na fake a rumfarta ta kan tudu ta ji ƙasa ta girgiza a tafin ƙafarta. Tsamiyar nan ta karkata a hankali, jijiyoyinta na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya da ƙara kamar bulala, ta kifa cikin kwazazzabo. Katangar marmara ta bi ta. Rafin ya tsaya cak na ƙiftawar ido, sannan ya juya gaba ɗaya ya faɗa arewa da rugugi. Ya tafi da rabin ramin Sa'ade, ya tafi da shanu biyu na wani Bafillace suna juyawa cikin ruwa ƙahoni ƙasa ƙafafu sama. Kafin magariba tsohon kwarin rafi ya koma taɓo, kifaye na tsalle a ciki yara na tsinta da hannu.

Da damina ba a ji ciwon ba. Sai da rani ya shigo, fadama ta tsattsage, injinan ban-ruwa suka rinƙa zuƙo iska suna tari. Raken Mamuda ya bushe a tsaye. Mutanen Hayin Kanya kuwa, waɗanda ba su taɓa sanin noman rani ba, suka tsinci rafi a bayan gida. Suka shata lambuna, tumatirinsu ya yi shar, matansu suka fara tafiya suna yanga.

Mamuda ya tara matasa da hantsi, wani da adda, wani da gora, wani da lauje. Suka haura tudu suka faɗa wa lambunan Hayin Kanya. Suka farfasa injina da guduma, suka sassare bututu, suka tattake shuka. Mutanen can suka fito da nasu makaman, aka haɗu a bakin kwazazzabon. Wai maza! Waɗanda jiya suke cin tuwo a akushi ɗaya wurin suna, yau ga su suna neman wuyan juna. Aka zabge wa wani kunne da lauje, ya tsaya yana nemansa a cikin yashi. Aka sari wani a kafaɗa har ƙashi ya leƙo fari. Wani magidanci ɗan Hayin Kanya aka rotsa masa kai da gora, ya faɗa cikin rafin da ake faɗan dominsa, ruwa ya ɗauki jininsa ya kai wa garinsu. Kafin a isa asibiti da shi ya cika. 'Yan sanda suka zo suka kwashi mutum goma sha biyu. Da la'asar aka cinna wa busasshen raken fadama wuta, har yau ba a san hannun wa ba, ta ci ta cinye har da wurin matsar raken Mamuda.

Mutanen Kwarin Ɗinya suka dawo da rauni, ba rafi, ba rake, ga gawa a wuyansu. To namiji in ya sha kashi a waje, abu mai laushi yake nema a gida. Aka bar jaki aka koma dukan taiki. Wa ke da rami a bakin rafi? Sa'ade. Wa ke da 'ya a Hayin Kanya? Sa'ade. Wa ta san rafin zai tafi tun bai tafi ba? In ba ita ta buɗe masa hanya ba, wa ya gaya mata? Magana ta tashi daga majalisa ta shiga masallaci ta fito da rawani.

Ranar tuyar tukwane suka zo mata, rana tsaka. Ta jera aikin wata biyu a matoya, ta rufe da kara da kashin shanu, wuta ta fara kamawa. Sai ga su, Mamuda a gaba. Ba sallama. Suka sa gora suka tarwatsa wutar, suka hau tukwane da duka, randuna na fashewa da zafinsu, gutsattsari na tashi yana yankar ƙafafun masu dukan. Ɗanta Bashir, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya sheƙo daga gona ya shiga tsakani yana cewa, "Ku ji tsoron Allah, tsohuwa ce!" Suka kayar da shi a cikin toka mai zafi, suka bi shi da gora a haƙarƙari, a baya, a baki, haƙoransa biyu suka zubo. Ƙaurin naman bayansa ya tashi.

Sa'ade ba ta gudu ba. Ta tsaya tana kiran sunayensu ɗaya ɗaya. "Na gan ka, ɗan Hajara. Tukunyar da aka dafa wa uwarka ruwan jego ni na gina. Kai ma na gan ka, mai ɗan gemu, rufe fuskar banza ne, da ƙafafun ubanka kake tafiya." Wata babbar randa ta rage a gefe, ta rungume ta. Mamuda ya ɗaga gora da hannu biyu ya sauke. Randar ta tsira. Wuyan hannunta na hagu ne ya yi ƙara kamar an karya rake. Ta durƙushe, gumi ya keto mata, ta ciji gefen mayafi, ba ta ba su ko "wayyo" ɗaya su tafi da shi gida ba.

Dagaci ya iso da gudu babu hula, ya raba. Mutane suka ce sai an kore ta daga garin, an cike raminta, an rushe matoyar. Dagaci mutum ne mai tsoron taro da tsoron Allah, amma na taron ya ɗan fi yawa. Ya ce a dakata. A fara yin gayya a toshe ɓarakar, rafi ya dawo, sannan a zauna kan maganar Iya Sa'ade.

Aka yi gayya. Maza tamanin, mako uku, da diga da shebur, da buhunan yashi da duwatsun da amalanke ta yi ta jidowa. Ganga na tashi, mata na kai kunu. Sa'ade na zaune a ƙofar gida, hannu ɗaure da karan ɗori, ɗanta a ɗaki kwance rub da ciki. Wata maƙwabciya ta ce mata an kusa gamawa. Ta ce, "Ki gaya musu a kan tsaga suke gini. Su toshe sama, ƙasa a buɗe take." Aka kai saƙo, aka ce bakin mugunta ne.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo. Rafin bai ko hau katangarsu ba, ta ƙarƙashi ya bi, ya rarake ta, ta zauna daɓas, buhuna suka yi ta wucewa Hayin Kanya kamar an aika su. Suka sake wata, wannan karo har da siminti. Ita kuma da ta tashi fashewa da mutane a kanta. Dutse ya danne ƙafar ƙanen Mamuda ya niƙe ta tun daga gwiwa, sai da mutum shida suka ciro shi yana suma yana farfaɗowa. A asibiti aka yanke ta.

Kwana uku bayan haka aka cika ƙofar dagaci. Aka kawo Sa'ade, aka zaunar da ita a tsakiya a kan ƙasa. Mamuda ya miƙe, idonsa kamar garwashi, ya ce kafin rana ta faɗi ta bar garin, in ba haka ba su za su fitar da ita, kuma ba da ƙafarta ba. Matasa suka amsa da buga gora a ƙasa.

Dagaci ya ce, "Iya Sa'ade, kin ji abin da ake faɗa. Me za ki ce?"

"Ranka ya daɗe, na faɗa tun tsamiya na tsaye. Dutsen da ke ƙarƙashinmu arewa ya sunkuya, a tsage yake tun ran da Allah ya so. Sauran ramina na nan, mai ido ya sauka ya gani."

"Ba ma sauka!" in ji Mamuda. "Mun gaji da tatsuniyar dutse. Ga shaida." Ya jefo wani abu gabanta, ya yi ƙara a ƙasa. Guntuwar fartanyarta ce ta haƙar yumɓu, wadda suka tsinto a rami, bakinta ya cinye saura kamar tafin hannun jariri, ƙotarta ɗaure da roba. "Da wannan ta haƙe tudun. Da wannan ta ba surukanta rafinmu. Ko za ki ce ba taki ba ce?"

Sa'ade ta ɗauki fartanyar da hannunta mai lafiya, ta juya ta, ta ɗaga sama yadda na baya za su gani. Abin da ta faɗa daga nan shi ne maganar ƙarshe da aka yi a garin kan korarta. Wani tsoho ne ya fara tuntsirewa da dariya, liman ya rufe baki da hannun riga, gorori suka yi ƙasa ɗaya bayan ɗaya, dagaci ya samu ƙofar da yake nema ya ce a tashi. Tana gidanta har yanzu, tana gina ƙananan kasake da hannu ɗaya da rabi, rafin kuma yana Hayin Kanya.

"Tawa ce, ɗan nan," ta ce masa a ranar. "Ku tamanin, da diga da shebur da siminti da ganga, sau biyu kuna yi, kun kasa juyo shi taki ɗaya. Ni kaɗai kuma, da wannan, ka ce na ɗauke shi na kai wani gari. To zaɓi ɗaya a gaban dagaci, Mamuda. Ko dai ƙarya kake yi mini, ko kuwa duk Kwarin Ɗinya namiji ɗaya ne, kuma ɗankwali yake ɗaurawa."